Kwana 33: Yau Kwana Huɗu Ban Ga Sabon Jini a Ɗakin Tsaki Ba

Da asubar nan na shiga ɗakin tsaki da tocila, na bi su ina ɗaga wutsiya ɗaya bayan ɗaya, ko ɗigon sabon jini ban gani ba. Kwana huɗu ke nan a jere. Sai da na kifa bokiti na zauna na yi hamdala, don kwana 10 da suka gabaci waɗannan, Allah kaɗai ya san irin barcin da na yi.

Tsakin Noila 100, irin kajin nan da ake kiwo don nama da ƙwai, na ɗauko a farkon Maris, uku suka tafi a satin farko, wannan kuwa ba wanda zai ɗaga hankalinsa a kai. Tsarin da na rubuta a bangon ɗakin da gawayi gwanin kyau: sati uku su koma babban keji, sati huɗu Lasota ta biyu, wato rigakafin cutar Newcastle, daga nan a fara gauraya musu girowa, abincin kajin da suka fara tasawa. Yanzu in na kalli rubutun dariya yake ba ni. Kejin bai kammalu ba sai shekaranjiya, Lasota na ɗage ta, girowa kuwa ko zancenta ba na yi.

Ranar kwana 19 na fara ganin biyu da bayansu a fige, can saitin gindin wutsiya inda sabon gashi ke tsirowa. Na ce sauyin gashi ne. Ranar 22 sai ga jini. Ranar 24 na dawo daga unguwa bayan la'asar na tarar da ɗaya a kwance, an huda ta ta baya, 'yan uwanta sun yi mata rumfa suna ja. Ni 'yasu! Wanda bai taɓa gani ba ba zai yarda tsakon da kake ɗauka a tafin hannu yana iya wannan ɗanyen aiki ba. Kafin abin ya lafa biyar na binne, bakwai kuma suna kwando suna jinya.

Abin da ya fara zo mini shi ne cutar Gumboro, tunda shekarunta ke nan, sati uku zuwa shida, kuma ita ma tana sa tsaki saran dubura. Amma mai Gumboro tasa duburar yake sara, ga farin zawo tsululu, ga gashi a tashe, sun takure wuri guda. Nawa kuwa garau suke, suna ci suna tsalle, kashinsu lafiya lau, kuma juna suke sara. Na buɗa ƙarƙashin fukafukai ko ƙwarƙwata ce, babu. Mai shagon magani ya haɗa ni da wani bitamin na naira 4,500, na zuba kwana uku, banda ruwan da ya koma rawaya ban ga abin da ya canza ba. Wata maƙwabciya ta ce gishiri ne ya yi musu ƙaranci, na sa cokalin shayi ɗaya a lita huɗu na rabin yini. Suka sha ruwa kamar raƙuma, shimfiɗa ta jiƙe sharkaf, sara kuma yana nan. Don Allah wanda zai gwada wannan kada ya wuce rabin yinin, gishiri in ya yi yawa shi kansa kashe tsaki yake yi.

Ranar 26 na bar komai, girki ma na bar wa yara, na shiga ɗakin bayan azahar na zauna shiru. Minti 10 na farko suna ta kallona, daga nan suka manta da ni. Abu na farko da na lura da shi, a ƙasa babu gashi ko ɗaya. Tsaki 90 da ɗoriya suna tsakiyar sauya gashi, ya kamata a ce diddigar katakon nan ta cika da ƙananan gasu, amma wayam. Ashe duk wanda ya faɗi haɗiye shi suke yi. Sai kuma na ga mai aikin. Wata 'yar ja ce, ba ta ma kai sauran girma ba, da ɗan baƙi a wuya. Ba faɗa take yi ba, ko kaɗan. 'Yan zakarun da ke daka tsalle suna karo da ƙirji, waɗanda na yi ta zargi, wasansu kawai suke yi, ba su taɓa fitar wa kowa jini ba. Ita kuwa tafe take a natse kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa, ta bi bayan waɗanda zafi ya kwantar suna haki, ta karkata kai ta duba, ta kama sabon gashin nan mai jini a gindinsa ta fizge. Wanda aka fizga ya yi tsuwwa ya matsa, ba inda zai je, ko'ina jikin wani ne. Ta ruga da gashin a baki, biyar suka bi ta, sauran kuma suka ga ja a bayan wancan suka yi masa caa. Da ta haɗiye sai ta goga baki a ƙasa, hagu da dama. Kaza ci ki goge bakinki, ranar na ga inda maganar ta samo asali.

Na shafa mata jan farcen 'yata a ƙafa don kada ta ɓace mini, na ci gaba da kallo har la'asar. Na sake kama uku da suka koya a wurinta. Duk huɗun na kife su a kwando daban. Na ɗauka an gama, washegari sai ga sabon rauni biyu.

Nan ne dole na dubi kaina. Tun kwana 15, da na ga buhun sitata, abincin ƙananan tsaki, mai kilo 25 ya kai naira 23,000 kuma yana tafiya kamar ana zuba shi a rariya, sai na fara dabara: kwano biyu na abinci, kwano ɗaya na dusar masara. Ban gaya wa kowa ba, har baban yara. Ku lissafa da kanku. Abin da ke rubuce a buhun furotin kashi 20 ne cikin 100, dusa kuwa da ƙyar take kai rabin haka, to na sauko da shi wajen 17. Ba furotin kaɗai ba, gishirin da aka auna a ciki da sinadarin metiyonin da gashi ba ya tsirowa sai da shi, duk na rage musu kusan kashi ɗaya cikin uku, a daidai satin da jikinsu yake fitar da gashi ta ko'ina. Gashin kaza kusan dukkansa furotin ne, to wanda bai samu a mazubi ba ya je ya nemo a bayan ɗan uwansa. Garin neman gira na rasa ido. Dusar da na yi murnar ta rage mini kamar naira 9,000, tsaki biyar 'yan sati uku da rabi ta ci, ban da magani.

Ɗakin ma mita biyu ne da biyu. Yana ɗaukar 97 suna 'yan kwana biyar, amma a sati huɗu abin da masu kiwo suka saba bi 10 zuwa 12 ne a kowane murabba'in mita, ni kuwa na cusa fiye da 20. Buhunan da na toshe tagogi da su tun lokacin kaskon gawayi suna nan ban cire ba, a wannan zafi na Zariya, ƙarƙashin rufin kwano. Ma'aunin zafi ya nuna 38 da azahar, alhali a wannan shekaru wajen 25 suke so. Ga farin ƙwan sola da ke ci dare da rana tun ranar da suka zo, ba su taɓa sanin duhu ba. Yanzu in na jera su haka sai in ga ai ma sun yi haƙuri.

A kwana biyu na juye komai. Dusa na daina, na sayo sabon buhu ina ji ina gani. Na yaye buhunan taga, na jingina zana daga waje don inuwa, aka watsa karan dawa a kan kwanon. Rabinsu na kwashe zuwa ɗakin ajiya kafin kafinta ya gama keji, waya da katako da kuɗin aiki naira 41,000, wannan ta shige ni ƙwarai. Ƙwan fitila na lulluɓe shi da jar leda ninki biyu, tunda irin na sola ba ya zafi, kuma a jan haske jini ba ya fitowa fili. Daga ranar 29 ina kashe shi gaba ɗaya bayan isha'i. Masu rauni na wanke da ruwan ɗumi na shafa musu jibi, maganin ciwon nan, shuɗin yana busar da ciwon yana kuma ɓoye jan. Hannuna har yau shuɗi ne, jiya a gidan suna sai ɓoye shi nake yi a mayafi.

Wani yaro mai yankan baki ya zo da wuƙarsa da kurfoti, naira 50 kan kowane tsako. Na sallame shi. A wannan zafin, ga su a wahale, in ƙara musu ƙuna a baki su yi kwana biyu ba sa ci, raina bai ba ni ba. In da zan yi, tun suna kwana 7 zuwa 10 ya kamata.

Abin da ya fi faranta mini kuwa daga Hajiya ya zo, uwar baban yara, wadda ta yi kiwon zabi a ƙauye tun ban san kaina ba. Ta leƙa ɗakin ta ce, "Ke 'yar nan, waɗannan ai zaman banza ne ya ishe su. Tsakon da ke bin uwarsa yini yake yi yana tono, yaushe ya ga ta bayan wani? Nemo musu gara." Ta sa jikanta ya cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, ya yayyafa ruwa, ya kife ta a bakin suri can bayan unguwa. Da sassafe ya ɗauko, aka zazzage a tsakar ɗakin. Kai jama'a! Ban taɓa ganin tsakina cikin irin wannan hidima ba. Awa guda cur suna tono suna watsi da ƙafa, ba wanda ya kalli wutsiyar wani. Yanzu tukwane biyu muke juyawa, kuma da azahar, lokacin da ɓarnar ta fi yawa, ina rataya musu damin zogale ko kan kabeji daidai inda sai sun ɗan yi tsalle. A ganina abinci da fili su ne suka kashe wutar, amma garar nan ita ta mantar da waɗanda bakinsu ya riga ya saba.

Uku daga cikin masu laifin na mayar da su shekaranjiya da dare, cikin duhu, har yanzu lafiya. 'Yar jar kuwa na gwada ta jiya ina tsaye, ko minti biyar ba ta yi ba ta zagaya bayan wani ta karkata kai. Na cafke ta. Tana kwando a bakin madafi, yara sun sa mata suna, suna ba ta tsakin masara a hannu. Na gaya musu sabo da kaza ba ya hana yanka, in ta kai sati 10 ita ce ta farko. Bakwai ɗin da ke jinya, huɗu gashi ya fara rufe musu ciwon, su zan mayar daren Juma'a. Lasota sai ranar Litinin da asuba, kafin rana ta ɗaga.