Yukar da ruwa ya kashe

Juma'ar da ta wuce na miƙa makullan rumbun kaya, na bar lambun renon shuke-shuken da na shekara uku ina aiki a cikinsa a gefen garin Las Cruces na jihar New Mexico a Amurka. Abokan aikina sun san abin da ya kore ni, amma labarin tukwanen yuka 60 ɗin nan ya sha kwaskwarima a bakin mutane, gara in faɗe shi da kaina.

Yukar da nake magana ba rogo ba ce, ko da yake masu jin Sifaniyanci a nan suna kiran rogo da suna mai kama da haka. Yucca elata ce, 'yar asalin hamadar Chihuahua, mai siraran ganye masu tsini, kuma tun 1927 jihar New Mexico ta ɗauki furen yuka a matsayin furenta. Ruwan saman yankin bai cika wuce milimita 250 a shekara ba, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Da hunturu yukar hutawa take yi.

A watan Nuwamba na shekarata ta farko manaja ya ce in jera tukwanen a layin ban ruwa ɗaya da wardi, wanda ake sakar wa ruwa sau uku a mako, wai don su yi ƙiba kafin mai saye ya zo. Ni da na tashi a Daura ina ganin aduwa da tumfafiya suna shanye rani ba mai ba su ko ɗigo, jikina ya ba ni. Na ce, "Yallaɓai, ruwan nan zai yi musu yawa." Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in yi abin da aka sa ni. Sau ɗaya na faɗa, murya ƙasa-ƙasa, ba shaida, sannan na je na saita agogon famfon da hannuna. Wannan shirun shi ne laifina, kuma har yau yana ci mini rai.

Cikin Fabrairu ganye ya fara yin rawaya daga ƙasa. Na zaro ɗaya daga tukunya, saiwar ta narke a tafin hannuna, baƙa ƙirin, tana warin dankalin da ya ruɓe a buhu. Lafiyayyar saiwa tauri gare ta, in ka daka ta a ruwa sai ta yi kumfa, shi ya sa mutanen Zuni da Apache, ƙabilun asalin yankin, suke wanke gashi da ita, kamar yadda ake wanki da ɓawon aduwa a wajenmu. Guda 41 suka mutu. Tsiro ne da tsawonsa ke ƙaruwa da kimanin inci ɗaya a shekara, wasu daga cikinsu sun girmi ɗana na fari.

A gaban mai lambu manaja ya ce ni na saita agogon. Gaskiya ne, hannuna ne ya saita, sai na rasa bakin magana. Aka rage mini kwanakin aiki wata biyu.

Wani dattijo ɗan Meziko da muke aiki tare ne ya tsaya mini. Muka yanke ruɓaɓɓen wuri da wuƙa, muka shanya sauran 19 a inuwa mako guda, muka mayar da su cikin tsakuwa da yashi, muka hana su ruwa. Bara a watan Mayu biyu daga ciki suka fitar da doguwar kara cike da fararen furanni, da daddare kuma ƙananan fararen ƙwarin nan da su kaɗai ke yi mata barbara suka zo.

Ga wanda zai gaje ni: duk umarnin da ka ga zai kashe shuka, ka nemi a ba ka shi a rubuce. Kafin dashe ka cika ramin da ruwa, in ya kwana bai tsotse ba akwai dutsen farar ƙasa a ƙarƙashi, ka sauya wuri. Ka yi wa ɓangaren shukar da ke kallon kudu alama, ka sake fuskantar da shi kudu, don kada rana ta ƙone ta bayan dashe. Kada ka karɓi wadda aka tono daga daji, saiwarta zurfi gare ta, da wuya ta tsira. Ka sa tabarau saboda tsinin ganye.

Hoton biyun nan da suka yi fure yana manne a ƙofar ofishin manaja, da sunansa a ƙasa, shi yake nuna wa masu saye.