Sa hannun mutum ɗaya

Duk wanda ya yi digiri na biyu ko na uku a tarihi, ko harshe, ko adabi a jami'o'inmu ya san ƙofofin kuɗi ba su da yawa. In kai malami ne a makarantar gwamnati, akwai TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, wadda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun ilimi na ETF na 1993, tana ɗaukar nauyin ƙaro ilimin malamai daga harajin da kamfanoni ke biya. In ba ka cikin ma'aikata, wannan ba rabonka ba ne. PTDF kuwa, hukumar asusun bunƙasa fasahar man fetur, ta masu karatun man fetur da iskar gas ce. Abin da ya rage shi ne aljihunka, da na yayanka, da adashin maiɗakinka. Yanzu da na kare kundina, na miƙa makullin ofis, ina so ƙannena da ke biye su ji abin da na gani.

Fom ɗin neman tallafin TETFund ba ya fita daga sashe sai da sa hannun shugaba. Aikina a kan wasiƙun sarakuna da alƙalai ne na farkon mulkin Turawa, yawancinsu da Larabci, wasu da ajami. Ranar da na kai wa shugabanmu na lokacin, ya karanta taken, ya ce wa zai amfana da takardun da gara ta cinye rabinsu. Ya ɗora fayil ɗin a kan tulin takardun jarrabawa, ya danne shi da filas ɗin shayinsa. Daga nan muka shiga ka je ka dawo. "Ranka ya daɗe, maganar fom ɗina." "Malam, bayan Azahar." Bayan Azahar yana taron majalisar jami'a, gobe ya yi tafiya, jibi sakatare bai zo ba. Duk shigar da zan yi ina hango koren fayil ɗina a inda yake, har gindin filas ya yi masa zobe. Da sunaye suka fito, gurbin sashenmu ya tafi ga wani ɗalibinsa da ko kare taken bincikensa bai yi ba.

Hana ni da ya yi bai kai rashin faɗa mini zafi ba. Da ya dube ni ya ce bana ba naka ba ne, da na tattara na nemi wata hanya tun da wuri. Sai ya bar ni ina jiran gawon shanu har shekarar ta wuce, wa'adin wasu tallafin ma ya wuce ina zaune. Kafin in farfaɗo, yajin aikin ASUU na 2022 ya zo, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, babu albashi. Na yafe masa a matsayin ɗan'uwa musulmi, amma ba zan ce abin da ya yi daidai ne ba, kuma na san ba ni kaɗai ya yi wa ba.

Da kuɗina na yi aikin. Na kwana a falon wani ƙanin mahaifina a Tudun Wada, da safe in tafi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, in yini a kan fayilolin Kanoprof da Zarprof da SNP, wato takardun mulkin Turawa na lardin Kano da na Zariya da na ofishin sakataren lardunan Arewa. A nan na gane wani giɓin da ya fi na kuɗi. Kwas ɗin hanyoyin bincike da aka yi mana duk takardar tambayoyi ce da lissafin alƙaluma, babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya nuna mana yadda ake karanta rubutun magatakardan fada, ko yadda ake gane hatimin sarki, ko mayar da shekarar Hijira zuwa Miladiyya in wasiƙar ta ambaci wata kawai. Wani tsohon malamin zaure ne ya koya mini. Yakan kai takardar kusa da idonsa, ya bi layi da ɗan yatsa, ya ce, "Yaro, wannan ba fa'un ba ce, ƙaf ce, ɗigonta ɗaya a sama. Rubutunmu na Magariba ne." Babu sunansa a jerin malaman kowace jami'a, amma rabin babi na uku nasa ne.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka zuba duk fatanka a kan ƙofar da ke bi ta ofis ɗaya. CODESRIA, majalisar bunƙasa binciken zamantakewa ta Afirka da ke Dakar, ta yi shekaru tana tallafa wa masu rubuta kundi. IFRA, cibiyar binciken Faransa a Afirka, tana nan a Jami'ar Ibadan. Shirin ceto takardun da ke fuskantar lalacewa na British Library, wanda aka fara a 2004, yana ba da kuɗin ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubuce. Shirin African Humanities Program da aka fara a 2008 da kuɗin Carnegie ya taimaki 'yan Najeriya da dama kafin a rufe shi, ni kuwa sai a makare na ji labarinsa, daga bakin wani abokina, ba daga sashe ba. Yawancin irin waɗannan da kanka za ka nema ta intanet, sai dai suna son wasiƙar shaida, don haka ka samu dattijo na biyu da ya san aikinka ko da a wata jami'ar yake. Ka koyi rubuta tsarin bincike mai shafi biyu da kasafin kuɗinsa. Ka leƙa Arewa House a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato kafin ka tsayar da take. Duk takardar da ka miƙa, ka riƙe kwafi mai kwanan wata da tambarin karɓa.

Hotunan wasiƙun da na ɗauka, da fassarar da muka yi da malam, na bar kwafinsu a ɗakin karatun sashe. Duk ɗalibin da yake buƙata ya tambayi mai kula da ɗakin, na roƙe shi ya bayar ba tare da neman izinin kowa ba.