Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Karayar da Ta Ɓuya a Hoto

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda na sayi keken ɗinki na biyu, aiki ya fara kankama a ɗan shagona na zaure a Ƙofar Marusa. To, daminar wannan shekarar ce ta zo mini da jarrabawa.

Sallah ta matso, kayan mutane jibge a shago. Ruwa ya ɗauke da hantsi, na fito zan gyara shanya, santsin tsakar gida ya kwashe ni, na dafe ƙasa da tafin hannun dama. Hannun bai lanƙwashe ba, kumburin ma ɗan kaɗan ne a gindin babban yatsa. Sai da na ɗauki almakashi zan yanka atamfa na ji wani zafi ya tsarga mini har gwiwar hannu, almakashin ya suɓuce.

Inna, mahaifiyar maigidana, ta jujjuya hannun ta ce targaɗe ne, a kira mai ɗori. Tana da hujjarta, domin a gabanta aka ɗora ƙafafu da dama suka warke, kuma ni ma na tashi ina ganin girman masu wannan sana'a ta gado. Maigidana ya ce, "Inna, ki yi haƙuri a fara yin hoto, hannun nan da shi take cin abinci." Ta yafa mayafinta ta biyo mu.

Hoto ya fito, babu alamar komai. Har na fara hamdala, sai likitan ya ce, "Hajiya, miƙe babban yatsanki sama." Na miƙe. Wani ɗan lotsawa ya bayyana tsakanin jijiyoyi biyu a gefen wuyan hannun, wurin da ban taɓa lura da shi a jikina ba. Ya danna nan da yatsansa, ban san lokacin da salati ya kufce mini ba. Ya kama babban yatsan ya tura shi ciki, zafin ya sake tashi a wuri guda.

Ya ɗauko takarda ya zana mana. Wuyan hannu, in ji shi, ƙananan ƙasusuwa 8 ne jere a sahu biyu, cikin 27 da ke hannu gaba ɗaya. Wanda yake ƙarƙashin babban yatsa, skafoyid, girmansa bai wuce ƙwallon kashu ba, kuma shi ya fi saurin karyewa a cikinsu idan mutum ya dafe ƙasa. Tsagewarsa takan yi siriri har hoton farko ya kasa kama ta, sai bayan kwana 10 zuwa 14 layin yake fitowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar jini. Jinin da ke ciyar da ƙashin ta ɓangaren yatsu yake shiga ya gangaro baya, don haka idan ya karye a tsakiya, rabin da ke wajen damtse yana iya rasa jini ya mutu. Ƙashin ya ƙi haɗewa, bayan shekaru gaɓar ta lalace, mutum ya kasa ko matse tsumma. Don haka ya ce za a sa wa hannun siminti, in dawo daga baya a sake hoto.

Inna ta ce, "Yaro, hoto ya ce babu karaya, kai kuma ka ce siminti?" Ya ce, "Inna, gara a sa a cire in babu komai, da a bari a zo ana da na sani." Ta yi shiru, ta gyaɗa kai.

Ina jiran layin ɗakin siminti na ga wani yaro da bai fi shekara goma ba a cinyar mahaifiyarsa. An kwance masa karare da tsummokaran ɗori, yatsun sun kumbura sun yi baƙi, fatar damtsen duk ƙuraje masu ruwa. Ma'aikaciyar jinya tana taɓa yatsun tana tambayarsa ko yana ji, yana girgiza kai. Na ji ana maganar tura su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ɗauri ne aka matse a kan hannun da ke kumbura, jini ya rasa hanya. Har yau idan na ji ana cewa ihun yaro bayan ɗori alamar magani na aiki ne, raina ɓaci yake yi. Shi ya sa da aka gama sa mini nawa na riƙe gargaɗin da kyau: in ɗaga hannun sama da ƙirji, in riƙa motsa yatsu, kada ruwa ya taɓa, kada in cusa tsinke don ƙaiƙayi, kuma in yatsun suka yi sanyi, ko suka mutu, ko suka sauya launi, in dawo ko da tsakar dare ne.

Zaman gida da hannun hagu kaɗai ba wasa ba ne. Cokali na koma ci da shi. Alwala kuwa malamin Islamiyyarmu ya ce in wanke inda ruwa zai iya taɓawa, in yi shafa a kan ɗaurin. Inna da kanta take ɗaura mini ɗankwali.

Da lokaci ya cika muka koma aka sake hoto. Likitan ya ɗaga shi a gaban fitila ya kira Inna kusa. Ga layin nan siriri ya ratsa tsakiyar ƙashin. Ya ce Allah ya taimake ni bai goce ba, da ya goce sai an yi aiki an ɗaure shi da ƙarfe. Simintin kuma zai zauna tsakanin mako 6 zuwa 12, gwargwadon yadda ƙashin ya haɗe.

Na yi lissafi a zuciyata, Sallah za ta zo ta wuce hannuna yana ɗaure, ga kayan amare biyu na karɓi kuɗinsu. Yadda muka kwashe da masu kaya, da wahalar gashin ƙashi bayan an fasa simintin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.