Prolog da na'urar da ta yi shiru

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne, a ƙa'idar manɗiƙi manhajar nan ba ta yi laifin komai ba.

Wani ƙaramin mutum-mutumi ne mai jigilar kaya a cikin sito, ni na rubuta manhajar da ke yanke masa shawara. Da Prolog na yi aikin, harshen rubuta manhaja da Alain Colmerauer da abokan aikinsa suka samar a Marseille ta Faransa a 1972. Daɗinsa, kai dai ka jera masa bayanai da ƙa'idoji, shi ya ciro hukunci. Ƙa'idar tafiya kuwa layi ɗaya ce tal: in ba abin da ya tare hanya, wuce.

Ran nan na'urar da ke duba gabansa ta mutu, rahoto ya daina zuwa. Manhaja ta nemi hujjar cewa akwai abu a hanya, ba ta samu ba, sai ta yanke cewa babu. Mutum-mutumi ya afka wa tulin kwalaye da kayan mutane a ciki.

Na sha wuya ina neman ɓaraka a lissafin, alhali lafiyarsa ƙalau. Haka "a'a" take a Prolog: duk abin da ya kasa tabbatarwa, ƙarya ne a wurinsa. Tun 1978 masana kwamfuta Keith Clark da Raymond Reiter suka yi rubutu a kan wannan, kowa ta fuskarsa. A rumbun bayanai dabara ce mai kyau. Jirgin da babu shi a jadawali, babu shi ɗin ne. Amma abin da ke yawo cikin mutane da kaya? Rashin labari ai ba lafiya ba ce.

Yanzu kowace tambaya amsa uku gare ta a wurina: e, a'a, ban sani ba. Na kuma juya ƙa'idar: ba motsi sai an tabbatar hanya a buɗe take. Kowane bayani na ɗauke da lokacin da aka samo shi, da ya tsufa sai ya koma "ban sani ba", don tsohon rahoto ma yaudara yake yi.

Masu sito suna ta ƙorafin wai mutum-mutumin ya cika tsaye-tsaye. Su yi ta yi, ban taɓa layin nan ba, ba kuma zan taɓa shi ba.