Daren da urlopen ya kwana yana jira

Aikin ba wani babba ba ne: kowane dare in jawo fayil ɗin CSV (tebur a rubutu zalla, waƙafi na raba ginshiƙansa) daga wata saba, in tace layukansa, in fitar da sabon fayil. Da a kwamfutata ce, da pandas da requests, kayan aikin Python da ake girkawa daga waje, zan ɗauko in gama nan take. Sai dai injin da za a ɗora aikin a kulle yake, ba a girka masa komai daga waje. Dole na koma ga abin da Python ya zo da shi tun asali.

Da farko raina abin na yi. Na ce CSV ai waƙafi ne kawai, na sa split(",") ya yanka layi a kowane waƙafi, na wuce. Kwana biyu lafiya lau, rana ta uku aka turo wani adireshi mai waƙafi a cikinsa, an rufe shi da alamar zance. Ginshiƙai suka goce, lambar waya ta faɗa gurbin kwanan wata. Kunya ta kama ni, don tun Python 2.3, a 2003, akwai csv, kayan karanta irin wannan fayil a cikin Python, da ya san wannan tarkon. Na koma DictReader na cikin csv, ina kiran kowane ginshiƙi da sunansa.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne KeyError a kan "id", wato kuskuren da ke cewa babu ginshiƙi mai wannan suna, alhali ga "id" ɗin nan ina kallonsa da idona. Na fi awa guda ina zargin kaina. Da na buga repr na sunayen ginshiƙan, wanda ke fito da ɓoyayyun haruffa, sai ga \ufeff a maƙale gaban na farko, alamar BOM, wata ɓoyayyar alama da Excel ke liƙawa a farkon fayil. Sauya encoding zuwa utf-8-sig ya kawar da ita. Wajen rubutawa kuma, sai da na sa newline="" kafin Windows ya daina cusa layin banza tsakanin layuka.

Ɓangaren intanet ne ya yi mini ba-zata. urlopen, wanda ke jawo fayil daga intanet, yana dawo da bytes, wato ɗanyen bayani da ba a mayar da shi rubutu ba, sai na naɗe shi da io.TextIOWrapper, csv ya riƙa karantawa layi-layi ba tare da an loda fayil ɗin duka ba. Wannan ya burge ni. Abin da ban lura ba, idan ba ka ba urlopen timeout, wato iyakar lokacin jira, ba, ba ya gajiya da jira. Wani dare sabar ta karɓi haɗin ta yi gum. Da safe na tarar babu fayil, babu saƙon kuskure, shirin na nan zaune tun ƙarfe biyu. Yanzu timeout=30 nake fara rubutawa kafin komai, sannan in kama kurakuran URLError da TimeoutError in sake gwadawa sau uku.

Har yau ina kewar pandas idan aka zo haɗa jimilla rukuni-rukuni. A nan da defaultdict na lallaɓa, kuma sai da na juya kowace lamba da int da hannuna, don csv duk abin da ya karanto rubutu yake ɗaukarsa.