Kofin Berlin da tambayar Kawu

Lahadi, 8 ga Yuni, 2025

Tun daren jiya na shaida wa Maman Hanifa cewa yawon Sallar yau ba zai wuce gida ɗaya ba, domin yau ake rufe kakar ƙwallon hannu ta Jamus, kuma ban shafe wata tara ina bin gasar ba don ranar ƙarshe ta riske ni a cikin danfo. Ta yi dariya, ta ce ai ta sani, idan Berlin na wasa ko naman layya ba na jin ɗanɗanonsa. Muka kama hanyar Agege da hantsi ana yayyafi, muka isa gidan Kawu kafin azahar.

Waɗanda suka gaji da jin lissafin nan a bakina su ƙara haƙuri, daga yau sun huta. Ƙungiyoyi 18 ne a Bundesliga, kowace tana buga wasa 34, gida da waje, nasara maki biyu, canjaras maki ɗaya. Füchse Berlin ta shigo ranar ƙarshe da ratar maki ɗaya tak tsakaninta da Magdeburg mai riƙe da kofin, bayan Melsungen ta daɗe tana zaune a saman tebur kafin ƙafarta ta zame. Berlin ba ta taɓa cin wannan gasa ba, kuma sai ta je har Mannheim, gidan Rhein-Neckar Löwen, ta ƙwato nasara kafin hankalinta ya kwanta. Füchse da ke cikin sunan Berlin yana nufin yanyawa, ko da yake ni dila nake ce musu, sunan masu gida kuma zakuna, don haka tun safe nake gaya wa Hanifa cewa yau dila zai shiga gidan zaki neman abinci.

Da muka idar da salla na koma benci a zaure, na jingina waya da butar shayi. Rabin farko bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Aka tafi hutu Löwen na da 20, Berlin na da 17, soyayyen naman da Inna ta aiko mini ya huce a faranti har man ya daskare a gefe. Abin da ya riƙa yi mini yawo a kai shi ne kakar 2014, lokacin da waɗannan zakunan suka gama da maki 59 daidai da Kiel, aka koma ƙidayar ƙwallaye, kofi ya suɓuce musu da bambancin ƙwallo biyu kacal. Wanda aka taɓa yi wa haka a ranar ƙarshe ba ya jin tausayin baƙo.

Bayan hutu wasa ya juya. Mathias Gidsel, bahagon nan ɗan Denmak, ya shiga yin abin da ya saba, wato kutsawa ta tsakanin masu tsaro biyu inda kai mai kallo ba ka ga ƙofa ba, kuma jikinsa bai kai na waɗanda yake ratsawa ba. Sau biyu hoton ya tsaya cak ana tsakiyar hari, na ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa. Aka tashi 38 da 33. Berlin ta gama da maki 58, Magdeburg 57. Ƙungiyar da sai a 2007 ta hauro daga rukuni na biyu, mai horar da ita Jaron Siewert ɗan shekara 31, ita ce zakarar Jamus. Na yi ihun da ya fito da yara daga tsakar gida.

Ashe tun ana minti na arba'in Kawu yana tsaye a bayana, yana leƙen wayar ta saman tabarau. Ya zauna, ya ce in mayar masa da ƙwallon ƙarshe ya gani, na mayar. Ya yaba wa yaron, ya yi tsokaci a kan yadda ƙwallon tasu ta yi baƙi saboda danƙon da suke shafa wa hannu, ya ce su a zamaninsu a Kano tofa yawu suke yi a tafi su goge a wando. Yana magana yana murza ɗan yatsansa na hagu, wanda ya karkace tun ranar da ya tare jifan mita bakwai, wato fenaritin ƙwallon hannu, ba a kuma taɓa gyara shi ba. Shi ne ya fara saka mini ƙwallo a hannu ina aji biyar, don haka na ɗauka taya ni murna zai yi.

Sai ya ce, “Nura, yaushe rabonka da Rowe Park?”

Na yi shiru ina lissafi, na ga shekara uku ke nan rabona da wannan filin wasa na Yaba, inda ake buga gasar ƙwallon hannu ta Najeriya. Na ce, “Kawu, kun san halin garin nan, ga aiki, ga cunkoso, kuma sau da yawa sai an gama gasar mutum yake jin labari.”

Ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, sannan ya ce, “To daga Agege zuwa Yaba, da daga Agege zuwa wannan garin da ka ambata, Mannheim yake ko me, wanne ya fi nisa?”

Na ƙi in faɗi warwas, na kawo hujjar da na daɗe ina riƙe da ita, wadda har yanzu nake ganin akwai gaskiya a cikinta. Na ce a Jamus kaka doguwa ce, tana farawa ƙarshen bazararsu ta kai Yuni, kusan kowane mako akwai wasa, mutumin Kiel ko Flensburg yana shiga zauren garinsu sau 17 a shekara ya ga 'yan wasansu, har ɗansa ya taso ya gaji kujerar. Tamu kuwa ana tara ƙungiyoyin ne wuri ɗaya, zango biyu, a yi 'yan kwanaki ana wasa kusan kullum kamar ana gudun ruwa, sannan kowa ya koma gida a yi tsit na watanni. Na ce ta yaya mutum zai shaƙu da ƙungiyar da ba ta karɓar baƙi a garinta? Soyayya sabo ce, sabo kuwa sai da yawan gani.

Kawu bai musa ko ɗaya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce duk haka ne, kuɗin zirga-zirga daga Minna zuwa Legas kowane mako ba wasa ba ne, wanda ba shi da doki ba ya shiga sukuwa. Amma ya ce in duba, wannan tsarin da nake kuka da shi ni ya fi yi wa gata, tunda mutumin Kano yana iya shekara bai ga Kano Pillars ta ƙwallon hannu a gasar ba, ni kuwa sau nawa aka kwaso ta, da Niger United, da Safety Shooters, da Safety Babes ta mata, aka ajiye mini su a bakin ƙofa. Daga nan ya ce in lissafa masa mutum bakwai na Berlin. Na jero su tun daga Milosavljev a raga har Lasse Andersson, ban ko numfasa ba. Ya ce to in ba shi uku daga Pillars ta bana. Na buɗe baki, sunayen da suka zo mini duk na waɗanda muka yi wasa tare ne, waɗanda yanzu wasunsu sun aurar da 'ya'ya.

Bai yi mini dariya ba. Ya ɗauki tsoka ɗaya daga farantin da ya huce, ya ce shi ya je bara, da sandarsa, kuma ya ga wani yaro mai tsaron gida da ya tuna masa da kansa, sai dai da yaron ya yi wata tarewa mai kyau ya waiwaya wajen 'yan kallo, galibin waɗanda suka tafa masa 'yan wasan wasu ƙungiyoyi ne da ke jiran nasu lokacin. Aka kira la'asar, ya miƙe.

A hanyar dawowa Maman Hanifa ta tambaye ni ko Berlin ɗin ce ta faɗi, don ta ga fuskata ba ta mai kofi ba ce. Na ce ta ci. Ta dube ni, ta mayar da kai ga taga.

Na yi ta neman inda zan kama Kawu da rashin adalci har muka wuce Oshodi. Ban ga laifin son wasa mai kyau ba, kuma babu wanda zai ce gudun da ake yi a Bundesliga da namu ɗaya ne. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne waiwayen yaron nan, domin na san shi, na yi irinsa ina shekara goma sha bakwai, kuma a lokacin akwai mutum ɗaya mai karkataccen yatsa da ba ya fashin zuwa.

Na tura wa Sadiƙu saƙo ya binciko mini ranar da za a fara gasar bana da inda za a yi, har yanzu bai buɗe ba. Asabar mai zuwa Berlin za ta kara da Nantes a Cologne, a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Turai. Kawu ya kira bayan isha ya ce idan zan kalla in zo Agege mu kalla tare, in kuma taho da waya mai babban gilashi, don ta yau ta wahalar masa da ido.