Gidan da Mai Shi Ta Gina da Guminta

Wata Asabar da sassafe, a garin da nake zaune a nan Amurka, wani dattijo maƙwabcina da ya yi ritaya daga aikin koyarwa ya ɗauke ni a motarsa zuwa wani fili a bayan gari, inda mutanen cocinsu suke taya ƙungiyar Habitat for Humanity, mai taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi su mallaki muhalli, gina gida. Ni Musulmi ne, kuma ya san da haka, amma abin da kawai ya tambaye ni shi ne ko ina da takalmi sau-ciki mai ƙwari. Da muka isa an riga an zuba daɓen siminti, an jibge katakai a gefe, domin yawancin gidajen ƙasar nan da katako ake tayar da su. Aka ba ni hular kwano da guduma da 'yar jakar ƙusoshi, wani kafinta ya nuna mini inda zan buga. A kwance ake haɗa bango, sai an gama sannan a kira kowa da kowa, a jeru a kama, a ɗaga shi a tare har ya miƙe tsaye.

Matar da ke gefena lokacin ɗaga bangon ita ce za ta shiga gidan tare da 'ya'yanta uku. Aikin dare take yi a gidan kula da tsofaffi, daga can ta wuto ko barci ba ta yi ba, kuma tafin hannunta ya riga ya yi kanta saboda riƙon guduma. A bakinta na fara jin cewa gidan ba kyauta ba ne. Duk iyalin da aka zaɓa sai sun yi aikin ɗaruruwan sa'o'i a ginin gidansu da na wasu, su halarci darussan tattalin kuɗi da kula da gida, sannan su sayi gidan da bashi mai sauƙi na tsawon shekaru, wanda galibi ake tsara shi yadda biyan wata ba zai wuce kashi 30 cikin 100 na abin da suke samu ba.

Wannan tsari ya samo asali ne daga wata gona mai suna Koinonia a kudancin jihar Jojiya, wadda wani malamin Littafi Mai Tsarki, Clarence Jordan, ya kafa tare da abokansa a 1942. Baƙaƙe da farare suna noma tare suna ci a teburi ɗaya a zamanin da dokar wariyar launin fata take da ƙarfi, saboda haka suka sha ƙauracewa da harbi da ƙone-ƙone a shekarun 1950. A nan ne Millard Fuller, lauya kuma ɗan kasuwa wanda ya zama miloniya tun bai kai shekara 30 ba, ya zo da matarsa Linda bayan sun rabar da dukiyarsu. A 1968 suka fara abin da suka kira gina gida ta haɗin gwiwa: a kafa asusu, a gina gida ba tare da neman riba ba, a sayar wa talaka bashi babu kuɗin ruwa, abin da ya biya kuma ya koma asusun a gina wa wani. Hujjarsu tana cikin Littafi Mai Tsarki, a Littafin Fitowa 22:25, inda aka hana karɓar ruwa a kan bashin da aka ba matalauci. Jordan yana ganin cewa jari talaka yake bukata da abokan aiki, fiye da sadaka da masu tausaya masa daga nesa. Ya rasu a 1969, aikin yana farkonsa.

Mutane da yawa ba su san cewa a Afirka aka gwada wannan tsari sosai kafin a kafa ƙungiyar ba. A 1973 iyalan Fuller suka koma garin Mbandaka a Zayar, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yau, suka yi shekara uku suna gina gidaje tare da coci a can, sai da suka dawo a 1976 suka kafa Habitat a garin Americus da ke jihar Jojiya. Sunanta ya bazu ne daga 1984, lokacin da tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter da matarsa Rosalynn suka je birnin New York taya ƙungiyar gyaran wani tsohon bene. Carter bai daina ba har tsufa ya cim masa. A 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki a goshi, amma ya isa birnin Nashville da baƙin tabo a ido ya kama aikin gini.

Rawar da coci-coci suke takawa ta fi tara kuɗi. Su ne suke da jama'ar da ke haɗuwa kowane mako, sun san wanda ya iya aikin lantarki da wanda yake da motar ɗaukar kaya, kuma su ne suke raba ranaku, wannan coci ya kawo ma'aikata, wancan ya kawo abincin rana. Akwai ma tsarin da coci 12 suke haɗuwa a kan gida ɗaya, daidai da adadin almajiran Annabi Isa. Ban ga an tambayi kowa addininsa ba, ma'aikaci ko mai gida. Abin ya tuna mini da gayya a ƙauyenmu, ranar da samari suke taruwa a yi wa tsoho yaɓe ko jinka kafin damina, sai dai su sun ƙara wa tasu gayyar asusu da rubutacciyar yarjejeniya, shi ya sa take ɗorewa daga gida zuwa gida.

Akwai abin da yake damuna, kuma ba zan ɓoye shi ba. Tunda sai mai ɗan abin shiga tsayayye ne zai iya biya, wanda ya fi kowa talauci, mai kwana a mota ko a bakin titi, ba ya shiga wannan layi. Farashin fili kuma yana ta hawa, masu nema sun ninka gidajen da ake iya ginawa. Duk da haka ina ganin daidai ne da aka ƙi mayar da mai gida abin tausayi, domin wanda ya biya da kuɗinsa da guminsa ba ya sunkuyar da kai gaban wanda ya taimake shi.

Kafin a rufe bango an raba mana alƙaluma, kowa ya rubuta addu'arsa a jikin katako. Ni na rubuta da Hausa cewa Allah ya sanya albarka ya ba da zaman lafiya. Bayan wasu watanni muka koma bikin miƙa makulli, fasto ya yi addu'a, aka ba ta makullin da Littafi Mai Tsarki. Da jama'a suka ragu ta kira ni ɗakin yara, ta nuna mini tagar da ta ɗaura da hannunta, ta buɗe ta rufe har sau biyu don in ga yadda ta zauna daidai.